Ta Ina Ruwa Ke Shiga Jirgi?

Duk wanda ya taɓa hawa kwale-kwalen fito a kogin Neja ko Binuwai ya san yaron nan da ke tsugune a tsakiyar jirgi da yankakken galan a hannu. Ba ya tuƙi, ba ya karɓar kuɗi. Aikinsa shi ne ya kwarfi ruwan da ke taruwa ƙarƙashin ƙafafun fasinjoji ya watsa waje, ya ɗan huta, ya sake. Baƙo idan ya ga haka sai gabansa ya faɗi, ya ɗauka jirgin ya fashe. 'Yan gari kuwa ko kallo bai ishe su ba, don sun san da wuya a samu jirgin katakon da ba ya tsattsafo. Abin da da yawanmu ba mu sani ba shi ne, manyan jiragen ƙarfen da ke ratsa teku da dubban kwantenoni su ma suna da nasu yaron. Nasu famfo ne, yana can ƙasan jirgi inda aka yi wasu 'yan rijiyoyi, domin duk ruwan da ya ɗiga daga bututu ko ya sulalo ta wajen farfela ya gangara can. Kullum akwai ma'aikacin da ke zagayawa yana zura ma'auni cikin tankuna da ramuka, yana rubuta abin da ya gani a littafi. Ranar da awon yau ya ɗara na jiya babu dalili, ranar ce barci ke ƙaurace wa kyaftin.

Ƙarfe dai nutsewa yake yi, kowa ya sani. Abin da ke riƙe jirgi a saman ruwa iskar da ke cikinsa ce, kamar yadda kwanon sha ke yawo a saman randa muddin bai cika ba. Jirgi na shiga cikin ruwa har sai ya ture ruwan da nauyinsa ya yi daidai da nasa, sa'an nan ya tsaya. Gefen da ya rage a sama, daga fuskar ruwa zuwa bakin jirgi, shi ne ajiyarsa ta ranar wuya. Kowane buhu da aka ƙara da kowace lita da ta kutso daga wannan ajiya suke ci. Kuma ruwan ƙasa da ƙarfinsa yake shigowa. Rami mai faɗin tafin hannu, idan yana mita biyar ƙarƙashin fuskar ruwa, zai iya zuba wa jirgi kusan tan 200 na ruwa cikin sa'a guda. Yana ƙara nutsewa ramin na ƙara nisa, ruwan na ƙara feshi.

Tsoffin masassaƙa sun guje wa wannan damuwa ta hanyar fafe kututture ɗaya. Kwale-kwalen da aka gano a Dufuna cikin jihar Yobe a 1987, lokacin da wani makiyayi ke haƙa rijiya, ya kai kimanin shekara 8,000, tsawonsa ya ɗara mita takwas, kuma daga itace ɗaya aka sassaƙa shi. Babu gaɓa, balle ruwa ya samu inda zai bi. Amma itace na da iyakar kauri, mutum kuwa na son ɗaukar kaya da yawa, dole aka fara jera katako gefe da gefe. Daga ranar kuma aka shiga sana'ar toshe tsaga. Turawa kan warware tsohuwar igiya su cusa ta tsakanin katakai da guduma, su bi da narkakkiyar kwalta. Sinawa kan kwaɓa farar ƙasa da man wata bishiya da zaren rama. Matafiyin nan ɗan Andalus, Ibn Jubair, da ya tsallaka Bahar Maliya daga Aizab zuwa Jidda a 1183, ya ba da labarin cewa jiragen alhazai na lokacin ɗinka katakansu ake yi da igiyar bawon kwakwa, babu ƙusa ko ɗaya, sa'an nan a shafe su da man kifi. Ya kuma koka da yadda masu jiragen ke cusa alhazai fiye da kima saboda kwaɗayin kuɗi. Kakanninmu da suka taka ƙasa har Suwakin, wannan tekun suka tsallaka. A ruwan ɗumi kuma akwai wata tsutsa mai cin katako daga ciki ta bar bayansa sumul, irin aikin gara. Ita ta tilasta wa Kolombus ya kafe jiragensa biyu a gaɓar Jamaika a 1503, ya yi shekara guda a can yana jiran ceto. Daga baya sojan ruwan Ingila suka fara lulluɓe ƙasan jiragensu da faifan jan ƙarfe, gwajin farko a 1761.

Da ƙarfe ya karɓi wurin katako, sai tsatsa ta karɓi wurin tsutsa. Ruwan gishiri ba ya hutawa. Ana shafa wa jirgi fenti rufi kan rufi, ana kuma liƙa masa wasu dunƙule-dunƙulen tutiya ko sanholo a ƙasa, musamman kusa da farfela, domin tsatsa ta ci su ta ƙyale jikin jirgin. In sun zaizaye a canza. Dokar duniya ta ce a duba ƙasan jirgin kaya sau biyu cikin kowace shekara biyar, kada tazara ta wuce wata 36, na fasinja kuwa duk shekara. Akan shigar da jirgi wani ƙaton kwarmi, a rufe ƙofa, a zuƙe ruwan, ya zauna kan tubalan katako tsirara. A nan ake kankare gansakuka da ƙwarurrukan da suka manne masa, a auna kaurin ƙarfe da na'urar da ke aika sauti ta saurari dawowarsa, a yanke inda ya sirance a yi waldar sabo. Mafi munin tsatsa ma daga ciki take, cikin tankunan da ake cika wa da ruwan teku don daidaita jirgi, wuri mai duhu da zafi da ƙarancin iska, inda sufeto zai shiga da rarrafe da tocila da ƙaramar guduma, yana ƙwanƙwasawa yana sauraro. Aiki ne mai tsada, kuma duk kwanan da jirgi ya yi a kwarmin nan ko sisi ba ya kawowa. Kamar yaɓen soro ne kafin damina. Mai gida ya san ya wajaba, amma rana na haskawa, kuɗin kuma na da wasu ramukan da za su toshe. Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya, sai dai mai jirgin da bashin banki ke bi yana da dalilai goma na ɗage aikin zuwa baɗi.

Tun da an yarda wata rana jikin jirgi zai iya hujewa, sai aka nemi dabarar hana ruwan ɗaki ɗaya mamaye gida duka. Sinawa ne suka riga kowa. Wani jirginsu na ƙarni na 13 da aka tono a Kwanzo a 1974 yana da ɗakuna 13 da bangayen katako suka raba. Turai ba ta rungumi tsarin sosai ba sai a ƙarni na 19. Titanic na da irin waɗannan ɗakuna 16, an kuma lissafa zai ci gaba da yawo ko da huɗun gaba sun cika. A daren 14 ga Afrilun 1912 dutsen ƙanƙara ya goge shi ya buɗe aƙalla biyar. Injiniyan da ya yi lissafi gaban kwamitin bincike ya ƙiyasta cewa in aka haɗa faɗin tsagogin duka bai fi ƙafa 12 murabba'i ba, bai ma kai girman ƙofar ɗaki ba, a jikin jirgi mai tsawon mita 269. Bangayen ba su kai har sama ba. Da goshin jirgi ya sunkuya, ruwan ɗakin da ya cika ya haura bango ya zuba na gaba, na gaba ya zuba na gabansa. Cikin sa'a biyu da minti arba'in aka gama, mutum fiye da 1,500 suka rasu. Yarjejeniyar duniya ta farko kan tsare rayuka a teku, ta 1914, daga wannan daren ta samo asali, kuma wadda ake aiki da ita yau ta 1974 jikarta ce.

Labarin Titanic ya sa mutane na ɗauka cewa sai an yi karo jirgi ke nutsewa. Wanda ya bi rahotannin binciken manyan haɗurra na shekarun baya-bayan nan zai ga sau da yawa jikin jirgin lafiya lau yake, ruwa ta ƙofa ya shiga. Jirgi cike yake da kafofin da mutum ya yi da kansa: murfin rumbun kaya, ƙofar shigar motoci, bututun shan iska, tagogi, mashigar ruwan sanyaya inji, da inda sandar farfela ke fita. Kowace na dogara ne da roba da sakata da giris, da kuma hannun wanda zai tuna ya rufe.

Ranar 6 ga Maris na 1987, jirgin fito mai suna Herald of Free Enterprise ya tashi daga tashar Zeburuj ta Beljiyam zuwa Doba ta Ingila, ƙofofinsa na gaba a buɗe. Ma'aikacin da ke da alhakin rufewa yana ɗakinsa barci ya ɗauke shi. Jami'in da ya kamata ya tabbatar an rufe ya bar wurin ya tafi wani aiki, yana zaton mutumin na nan tafe. Kyaftin kuwa daga mazauninsa ba ya iya hango ƙofofin, kuma al'adar kamfanin ita ce in ba a kawo rahoton matsala ba, to komai daidai ne. Tun kafin ranar wasu kyaftin-kyaftin sun roƙi a sa musu 'yar fitila da za ta nuna ko ƙofa na rufe, shugabanni suka yi watsi da roƙon. Jirgi na ƙara gudu ruwa ya hau daɓen motoci, cikin kamar minti ɗaya da rabi ya kwanta kan gefe, a bakin tasha, teku a kwance. Mutum 193 suka rasu. Abin da ya fi taɓa ni a labarin shi ne binciken bai tsaya kan mai barcin ba. Ya bi sawun sakaci har ofishin shugabannin kamfani, ya ce laifin ya game kowane mataki. Ɗan Adam zai yi barci wata rana, wannan tabbas ne, don haka tsarin da ya rataya rayukan ɗaruruwa a wuyan mutum ɗaya shi ne babban mai laifi. Daga nan aka samu ƙa'idar duniya da ta wajabta wa kowane kamfani rubutaccen tsarin tsaro, da mutum takamaimai a tudu wanda zai amsa tambaya.

Bayan shekara bakwai, 28 ga Satumban 1994, jirgin Estonia na kan hanya daga Talin zuwa Istokholm cikin dare da hadari, raƙuman ruwa suka karya sakatun murfinsa na gaba, murfin ya fizge gadar motoci ya faɗa teku. Mutum 852 suka tafi. Na Derbyshire kuwa ya fi ban tsoro saboda ƙanƙantar mafarinsa. Jirgin dakon tama ne na Ingila, tsawonsa ya kusa mita 300, ya ɓace a kudancin Japan a Satumban 1980 cikin guguwa, da mutum 44, ko kiran neman agaji bai samu yi ba. Iyalan mamatan suka yi shekaru suna fafutuka har aka gano gawar jirgin a 1994. Binciken da aka sake ya nuna raƙuman ruwa sun ɓalle kawunan wasu ƙananan bututun shan iska a goshin jirgi, ruwa ya yi ta ɗiga ciki sa'o'i masu yawa ba wanda ya sani, goshin ya yi nauyi ya sunkuya, raƙuman ruwa suka samu damar dira kan murfin rumbun farko suka karya shi, sai na biyu, sai na uku. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Akwai wani abu da ya wuce yawan ruwa muhimmanci, wato inda ruwan ya zauna da yadda yake motsi. Duk macen da ta taɓa ɗauko ruwa daga rafi ta san bambancin cikakkiyar jarka da daro mai rabin ruwa. Jarka nauyi kawai gare ta. Daro kuwa da zarar an ɗan karkata sai ruwan duka ya ruga gefe ɗaya ya ja wuya, shi ya sa ake jefa ganye ko 'yar ƙwarya a sama don rage tangaɗi. Daɓen motoci na jirgin fito ƙaton daro ne, fili ɗaya daga goshi zuwa gindi babu bango. Ruwan da bai wuce idon sawu ba, in ya bazu a irin wannan fili, ya isa ya kifar da jirgin da ƙasansa ko ɗigo ba ya yi. Haka ta faru da al-Salam Boccaccio 98 a Bahar Maliya cikin Fabrairun 2006, yana ɗauke da kimanin mutum 1,400 daga Duba ta Saudiyya zuwa Safaga ta Masar, yawancinsu ma'aikatan Masar masu komawa gida. Gobara ta tashi, ma'aikata suka yi ta fesa ruwa, magudanan da ya kamata su fitar da ruwan waje kuma sun toshe. Wanda ya taɓa ganin soron da indararonsa ya toshe a tsakiyar Agusta ya san abin da ke biyo baya. Ruwan kashe wutar ne ya taru ya karkata jirgin har ya kife, fiye da mutum 1,000 suka halaka.

Sai maganar lodi, wadda ita ce ta fi kusa da mu. A Ingila ta ƙarni na 19 wasu masu jirage kan yi wa ruɓaɓɓen jirgi inshora mai tsoka, su danƙara masa kaya su tura shi teku. In ya isa riba, in ya nutse riba. Matuƙin da ya sa hannu kan kwangila ya ga halin jirgi ya ƙi shiga, ana iya ɗaure shi a kurkuku. Wani ɗan majalisa, Samuel Plimsoll, ya ɗauki abin a ka, har a 1875 ya fusata a zauren majalisa ya zazzagi masu jirage, ganin ana neman jingine ƙudurin dokar da za ta hana haka. Dokar 1876 ta wajabta zana alama a gefen jirgi, da'ira da layi ya ratsa ta, inda ruwa ba zai wuce ba. Da farko mai jirgi ne ke zaɓar inda zai zana layinsa, kuma an ɗauki fiye da shekara goma kafin hukuma ta karɓe wannan ikon. Yau kowane babban jirgi na ɗauke da alamar, da wasu 'yan layuka a gefenta, domin ruwan teku ya fi na kogi nauyi da kimanin kilo 25 a kowace lita dubu, kuma tekun hunturu ba ɗaya yake da na wurare masu zafi ba. Kyawun alamar shi ne ko wanda bai yi boko ba zai iya tsayawa a gaɓa ya karanta ta.

Duk da haka akan yi mata wayo. Jirgin Sewol na Koriya ta Kudu, wanda ya kife ranar 16 ga Afrilun 2014, an ƙara masa ɗakuna a sama bayan an sayo shi daga Japan, nauyinsa ya hau sama. Masu dubawa suka rage masa yawan kayan da zai ɗauka, suka ce ya riƙa ajiye ruwa mai yawa a tankunan ƙasa don ya zauna daram. Ranar haɗarin yana ɗauke da fiye da ninki biyu na kayan da aka yarje masa, ruwan tankunan kuma an rage shi sosai, ta yadda layin gefe bai nutse ba. Daga waje jirgi ne mai bin doka, alhali an cire nauyi daga ƙafarsa an ɗora masa a ka. Mutum 304 suka rasu, 250 daga ciki ɗaliban makarantar sakandare ɗaya ne. A yankinmu kuma akwai Joola na Senegal, da aka gina don kimanin mutum 580, ya kife a gaɓar Gambiya ranar 26 ga Satumban 2002. Alƙaluman gwamnati sun ce mutum 1,863 suka mutu, 64 kacal suka tsira. Ya fi Titanic cin rai, kuma jirgin gwamnati ne, sojoji ke tafiyar da shi.

To wa ke dubawa? A takarda mutum uku ne. Akwai ƙasar da jirgi ke ɗauke da tutarta, sai dai kaso mai yawa na jiragen duniya rajistar Panama da Laberiya da Tsibiran Marshal gare su, ƙasashen da jirgin zai iya ƙare rayuwarsa bai taɓa leƙa su ba. Akwai kamfanonin tantance lafiyar jirgi, irin Lloyd's Register da ya faro a Landan a 1760, amma mai jirgi ne ke zaɓarsu, shi ke biyansu. Tankar mai ta Erika da ta karye biyu a gaɓar Faransa a Disamban 1999, tsatsa ta riga ta cinye ta, takardunta kuwa cikakku ne. Na uku shi ne sufeton tashar da jirgi ya yada zango, mai ikon hana shi tashi sai an gyara. Ƙasashen Turai sun ƙulla yarjejeniya kan haka a Faris a 1982, na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya suka ƙulla tasu a Abuja a 1999. A ganina wannan na ukun shi ne ginshiƙi, don shi kaɗai ne ba ya asarar komai in jirgi ya kwana a tasha.

Waɗannan yarjejeniyoyi duk na jiragen teku ne, ba su shafi kwale-kwalen da muka fara da shi ba, kuma can ne namu mutanen ke mutuwa. A Mayun 2021 wani jirgin katako ɗauke da mutum fiye da 150 ya rabe biyu a kan hanyarsa ta zuwa Warra cikin jihar Kebbi. A Nuwamban shekarar, ɗaliban Islamiyya da ke tafiya Mauludi suka nutse a ruwan Bagwai na jihar Kano. A Yunin 2023 fiye da mutum 100 masu dawowa daga biki suka rasu a yankin Patigi na jihar Kwara. Duk lokacin da haka ta faru, maganar da ke fitowa daga hukumomi ita ce rigar ruwa. Rigar ruwa na ceton rai, ina goyon bayan a wajabta ta, amma amfaninta na farawa ne bayan jirgi ya riga ya kife. Abubuwan da ke zuwa kafin nan su ne katakon da ya ruɓe, da ƙusar da tsatsa ta cinye, da tsagar da aka toshe da tsumma tun bara, da tafiyar dare a ruwan da kututture ke ɓoye ƙarƙashinsa, da gefen jirgin da bai fi yatsa huɗu sama da ruwa ba.

Gwada katako ba ya buƙatar na'ura. Masassaƙi zai soka masa tsinken ƙarfe, in ya shige kamar a danƙo ya san an gama. Zana layi a gefen kwale-kwale gwangwanin fenti ɗaya ne. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta cikin gida, mai hedikwata a Lokoja, ba za ta iya ajiye ma'aikaci a kowace mashaya ba, amma yawancin garuruwan bakin kogi na da sarkin ruwa ko sarkin jirgi da ƙungiyar 'yan fito, mutanen da suka san kowane jirgi da shekarunsa da wanda ya sassaƙa shi. Wahalar na ga wanda zai tsaya a bakin ruwa ranar kasuwa, rana ta yi sanyi, jirgin ƙarshe na shirin tashi, ya dubi mata goma da buhunansu da goyonsu ya ce musu layi ya nutse, sai gobe. Mutumin nan na buƙatar hakimi da hukuma su tsaya bayansa in an yi masa ca, kuma albashinsa ya fito daga wani aljihun da ba na kuɗin fito ba.